Idan haƙar ma'adinai ta ɓata rijiyar gari, me doka ta ce?

A Riruwai, cikin Ƙaramar Hukumar Doguwa a kudancin Kano, tun zamanin Turawa ake haƙar kuza. Dutsen da kuzar ke ciki yana ɗauke da wasu ƙarafan, har da dalma. Muddin yana binne, da sauƙi. Amma da an fasa shi, an niƙa, an wanke, an jibge tarkacen a bakin rami, sai ruwan damina ya riƙa ratsa shi yana gangarawa ƙasa da abin da ya narkar. Daga can ƙasan kuwa rijiyar gari take samun ruwa.

Abin tsoron shi ne ido ba ya gani. Ruwa zai fito a guga garai-garai, ba wari ba ɗaci, alhali da dalma a ciki. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta fitar da ƙarfe, sai ma ta ƙone ruwan ta bar gubar. Ma'aunin ruwan sha na Nijeriya ya ce kada dalma ta wuce miligiram 0.01 a lita guda, asenik, wani sinadari mai guba, ma haka, ƙarfen kadmiyom 0.003, makurin da ake kama zinare da shi kuwa 0.001. Sai ɗakin gwaji ke iya gane wannan.

Yawancin mutanen karkara rabin dokar suka sani, wato arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne ko da a tsakiyar gonarka yake. Gaskiya ne, haka sashe na 44(3) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce, haka ma sashe na 1 na Dokar Ma'adinai da Haƙarsu ta 2007. Da wannan ake rufe wa manomi baki: "Daga Abuja muka samo takarda." To, takardar Abuja izinin haƙa ce, ba ta ba kowa izinin ɓata ruwa ba.

Sashe na 123 na dokar 2007 ya hana kowa gurɓata ruwa ko hanyar ruwa yayin haƙa ko binciken ma'adinai, a cikin filin da aka ba shi ko a wajensa. A lura da ƙarshen nan. Mai kamfani ba zai ce rijiyarku ba ta cikin iyakarsa ba, domin ruwa bai san turakun safiyo ba, kuma masu rubuta dokar sun san haka. Sashe na 124 ya ce ruwan da aka yi aiki da shi kada ya bar wurin da guba mai yawan da za ta cutar da dabba ko tsiro. Na 125 shi ne na diyya: mai lasisi zai biya wanda ya yi asara saboda gurɓatar ruwan da yake amfani da shi.

A ganina ƙarfin gari ya fi yawa kafin injin farko ya iso. Dokar ta buƙaci amincewar mai ƙasa ko wanda ke zaune a kanta kafin a ba da izini. Sashe na 119 ya wajabta wa mai lasisi ya gabatar da rahoton tasirin aikinsa ga muhalli da tsarin gyara wurin idan ya gama. Sashe na 116 kuma ya ce ba zai fara aiki ba sai ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen garin, wadda ake sake dubawa duk shekara 5. A nan ake yawan yin sakaci. Dattawa su zauna a zauren dagaci, a yi maganar ajujuwa biyu da gyaran masallaci da ɗaukar matasa gadi, a sa hannu, ba wanda ya ambaci ruwa. Da za a rubuta cewa sai an gwada kowace rijiya da burtsatse kafin a fara haƙa, a maimaita gwajin lokaci-lokaci da kuɗin kamfani, a ajiye sakamakon wurin dagaci, da garin ya samu hujja. In babu gwajin farko, ranar da ruwa ya ɓaci za a ce muku dama can haka yake.

Kai ƙara fa? Sashe na 19 ya kafa kwamitin ma'adinai da kula da muhalli a kowace jiha, ana kiransa MIREMCO, da wakilin ƙaramar hukuma a ciki, kuma gurɓatar muhalli da diyya suna cikin aikinsa. Akwai kuma NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, wadda ta fitar da ƙa'idojin kare ruwan koguna da tafkuna da na ƙarƙashin ƙasa a 2011. A rubuta ƙorafi, a haɗa da sakamakon gwaji, a riƙe kwafi. Maganar baki ba ta zama a fayil.

Inda dokar ke ɗingishi shi ne haƙar da ba ta da lasisi, ta 'ya'yanmu masu diga da shebur. Haƙa ba izini laifi ne, kuma hanin sashe na 123 ya hau kansu, tunda kowa aka ce. Amma wa za ka nemi diyya a wurinsa? Ɗan maƙwabcinka da ya fito neman na tuwo? Gwamnati ta ƙaddamar da dakarun tsaron ma'adinai a 2024, sai dai kamu ba ya wanke rijiya.

Mun ga inda irin wannan ke kaiwa. A Zamfara, a 2010, gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma. A can ƙura ce ta fi yin ɓarna, domin cikin gida ake daka dutsen zinare, yara na rarrafe a gefe. Shi ya sa masu aikin ceto suka dage a fitar da niƙa da wanki bayan gari. Wannan ba sai an jira Abuja ba. Mai unguwa da dagaci za su iya hana niƙa dutse a gida da wankinsa kusa da rijiya, su kuma hana shayar da dabbobi a tsofaffin ramukan haƙa.