Me ya haɗa hazon Gombe da ƙananan halittun cikin teku?

Makon jiya na ɗiga ruwan Dadin Kowa a ƙarƙashin madubin duba ƙananan halittu, 'yan aji biyar suka leƙa suka ga wasu abubuwa kamar ƙananan kwale-kwale. Daga nan tambayoyi suka ɓarke.

Malam, mene ne waɗannan?

Diyatom ke nan, dangin gansakuka, mai ƙwayar halitta ɗaya tak. Yana zaune cikin ɓawon silika, sinadarin da ke cikin yashi da gilas, kuma ɓawon gida biyu ne, kamar kwano da murfinsa. Da hasken rana yake haɗa abincinsa. Akwai na ruwan daɗi, akwai na teku, kuma kusan kashi 20 cikin ɗari na iskar oksijin da ake samarwa a duniya duk shekara aikinsu ne.

Me suke buƙata su yaɗu?

Naitirojin, fosfaras, silika, da ɗan sinadarin ƙarfe. Sai dai ba yawan ne abin dubawa ba, daidaito ne. Alfred Redfield, masani a Amurka, ya fara lura da hakan a 1934, daga baya aka tsayar da ma'aunin: ƙwayar zarra 106 ta kabon, 16 ta naitirojin, 1 ta fosfaras. Shi diyatom yana son silika kusan kai ɗaya da naitirojin. Ku dubi birkila: ko an jibge masa yashi tifa goma, in siminti buhu ɗaya ne, ginin buhu ɗaya zai yi.

To in silika ta yi ƙaranci fa?

Ba ɓawo, ba rabuwa gida biyu, ba haihuwa. Sai wasu halittun da ba ruwansu da silika su cinye sauran abincin su mamaye wurin. An ga haka a Baƙin Teku, tsakanin Turai da Asiya, bayan an gina dam a kan kogin Danub da ke zuba cikinsa a farkon shekarun 1970: silika ta riƙa kwanciya a bayan dam, takin zamani daga gonaki kuma bai fasa kwarara ba. Wani yaro ya ce, "Kamar Dadin Kowa?" E, hanyar ɗaya ce, don ruwan Gongola, kogin da dam ɗin Dadin Kowa yake kansa, yana shiga Binuwai a Numan, ya haɗu da Neja a Lakwaja, ya faɗa Atilantika.

Ƙarfen kuma na mene ne?

Kaɗan ake bukata, amma ba a yi sai da shi. Tekun da ke kewaye da Antatika cike yake da naitirojin da fosfaras, duk da haka diyatom ba ya bunƙasa yadda ya kamata. John Martin, wani masanin teku, ya ce rashin ƙarfe ne. A 1995 aka zuba ƙarfe a wani yanki na tekun Fasifik, cikin 'yan kwanaki ruwan ya koma kore, akasari da diyatom. Masu son a riƙa yin haka don diyatom ya zuƙe iskar kabon a rage ɗumamar yanayi, ni dai ban yarda da gaggawarsu ba. Teku ba fadamar gwaji ba ce.

Ina hazo ya shigo?

Ƙurar hunturun da ke kwanciya a kan tagoginmu, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na Cadi take tasowa, ƙasan tsohon babban tafkin Cadi. Ƙasar wurin ɓawon matattun diyatom ce na ruwan daɗi. Iska tana kwasarta ta tsallake kanmu, ta zubar da ita a Atilantika ɗauke da ƙarfe da fosfaras. Wata yarinya ta shafa benci da yatsa, ta ce a sa wannan ma a madubi. Mun bari sai ranar Litinin.