Waiwaye: yadda aka bar maigida a waje a harkar tazarar haihuwa

Duk wanda ya taɓa leƙa asibiti ranar awo ya san abin da zai gani, mata reras a kan benci, nas tana ta bayanin allura da ƙwaya da ashanar hannu, namiji kuwa in ma ya zo to yana can bakin get a kan mashin yana jira. Ana ta cewa maza ne suka ƙi shiga, amma gaskiya tun farko ba a ajiye musu kujera ba.

Indiya ce ta fara shirin tsara iyali na ƙasa baki ɗaya a 1952. Da ƙwayar hana ɗaukar ciki ta fito a Amurka a 1960, ga kuma robar mahaifa, sai kuɗin masu tallafi ya karkata kan mace, don ita ke zuwa awo, ita ke kai yara rigakafi, ita ce mai sauƙin samu da ƙirgawa a rajista. Lokacin da aka waiwayi maza kuwa da ƙarfin tsiya aka yi, zamanin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, firaministar Indiya, 1975 zuwa 1977, miliyoyin maza aka yi wa aikin hana haihuwa, wasu da tilas wasu da kwaɗayin 'yan kuɗi, abin ya taimaka wajen kayar da ita a zaɓen 1977, kuma har yau a can mata ne suka fi ɗaukar wannan aikin.

Mu ma a Najeriya ba a tsira ba. Manufar yawan jama'a ta 1988 zamanin Babangida cewa ta yi mace ɗaya 'ya'ya huɗu, mace fa, ba a ce uffan kan namiji ba, ka ga mai mata huɗu lissafinsa 16 ke nan kuma bai saɓa komai ba. Alhali a gida shi ke ba da izinin fita, shi ke ba da kuɗin mota da na magani, kuma tun da can ma da saninsa ake wankan jego da shayarwar shekara biyu don gudun kwanika, malamai ma sun daɗe da yin bayanin azalu, wato miji ya zubar da maniyyi a waje, a fiƙihu.

Sai a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan jama'a da aka yi a Alkahira a 1994, inda ƙasashe 179 suka hallara, aka rubuta ƙarara cewa namiji ma yana da nauyi a kansa. Rubutawa dai aka yi, aikin ya ɗau lokaci.

Inda na ga an yi abin da hankali shi ne jihar Damagaram ta Nijar. Wani bincike da aka yi a jihar da hannun UNFPA, asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2007 ya nuna babban abin da ke hana mata zuwa likita shi ne ikon miji, sai aka buɗe makarantun mazaje guda 11 a 2008. Ba aji ba allo ba malami, magidanta ne kamar 12 waɗanda matansu ke zuwa asibiti suke zama sau biyu a wata, su duba me ya hana matan ƙauyensu awo, su je majalisa da ƙofar masallaci su yi wa 'yan uwansu maza magana, wani wurin har su haɗa hannu su gina wa ungozoma ɗaki. Maganar da namiji ba zai saurara daga bakin yarinya nas ba sai ga shi yana ji daga bakin sa'ansa. Daga baya abin ya bazu sauran jihohin Nijar, ya tsallaka Burkina Faso da Kodebuwa. A arewacin Najeriya kuma direbobin ƙungiyar sufuri ta NURTW aka jawo suna kai mai naƙuda asibiti ko da tsakar dare ne.

Amma fa abin yana da nasa tarko, don wasu wuraren jawo maza ya koma sharaɗi. A Yuganda asibitoci sun riƙa fara duba wadda ta zo da mijinta don a ƙarfafa maza, sai aka wayi gari wadda nata ya ƙi zuwa, ko yana ci-rani, tana biyan ɗan acaɓa ya tsaya mata a matsayin miji don kar ta yini a layi.