Ma'anar BOD: awon da ke tona asirin ruwan ƙazanta

Duk wanda ya taɓa duba rahoton matatar ruwan ƙazanta ta gari zai ci karo da haruffa uku: BOD. Gajeren suna ne daga Turanci, yana nufin yawan iskar oksijin da ƙwayoyin bakteriya za su shaƙa yayin da suke cinye dattin da ke cikin ruwa. Ni na fi son in kira shi yunwar ruwa.

Ruwan da ke fitowa daga masai, wurin wanka da na wanke-wanke, dattin cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Amma wannan ɗan kaɗan ɗin abinci ne ga bakteriya, kuma da oksijin suke cinsa. Ruwa mai tsabta a zafin digiri 20 yana riƙe oksijin kusan miligiram 9 ne kacal a kowace lita, alhali ɗanyen ruwan ƙazanta na gidaje yakan buƙaci miligiram 200 zuwa 400. To in aka malala shi cikin ƙaramin rafi ba tare da tacewa ba, iskar kifi za a fara kwashewa, rafin ya yi baƙi, ya soma ɗoyi.

Awon bai da wuya. A ɗebi ruwan a sirka shi, a zuba a kwalba, a auna oksijin, a toshe, a ajiye a duhu a digiri 20 har kwana 5, a sake aunawa. Daga abin da ya ragu ake lissafa BOD. Duhun kuwa don kada gansakuka ta samu haske ta ƙara iska ne. Tun a 1912 wata hukumar bincike a Birtaniya ta ba da shawarar kada BOD na ruwan da za a saki cikin kogi ya wuce miligiram 20 a kowace lita.

Ta yaya ƙaramin gari zai sauko da wannan lamba? Dabarar hura iska da injuna, wadda aka ƙirƙiro a Manchesta a 1914, tana aiki sosai, sai dai tana cin lantarki ba dare ba rana. Shi ya sa a ganina tafkunan tacewa sun fi dacewa da garin da ke da fili. A jere suke, ruwan na bi daga wannan zuwa wancan. Na farko mai zurfi ne, mita 2 zuwa 5, inda laka ke kwantawa ta ruɓe. Na biyu bai fiye wuce mita 2 ba. A nan gansakuka ke samar da oksijin kyauta da hasken rana. Na ƙarshe marar zurfi ne, rana na kashe ƙwayoyin cuta. Amma dole a riƙa kwashe lakar bayan 'yan shekaru, in ba haka ba tafkin ya cike.

Abin da nake so a kiyaye shi ne, BOD ba ya ƙirga ƙwayoyin kwalara ko taifod. Ruwa na iya sauka ƙasa da 20 yana ɗauke da su. Kafin a yi ban-ruwan lambu da shi, a nemi sakamakon awon ƙwayoyin E. coli (bakteriyar da ke nuna alamar bayan gida a ruwa) da ƙwan tsutsar ciki daban.