Mangar barkwanci mai zolayar labaran isekai

Isekai kalma ce ta Jafananci mai ma'anar "wata duniya daban". Da ita ake kiran labaran da ake ɗauke mutum daga duniyarmu a jefa shi wata duniyar sihiri, mai takubba da dodanni da sarkin shaiɗanu. A cikin wannan fanni akwai reshe na barkwanci, wanda aikinsa shi ne ɗaukar abubuwan da aka saba gani a irin waɗannan labarai yana yi musu shaguɓe. Ana samun sa a manga, wato littattafan zane na Japan, da ƙagaggun labarai na matasa, da kuma anime, wato fina-finan zane masu motsi na Japan.

Abin da ake zolaya

Salon ya yi ƙarfi ne a shafin intanet na Shōsetsuka ni Narō, wanda aka buɗe a 2004, inda kowa ke iya wallafa labarinsa kyauta, babi bayan babi. Da yake masu karatu ne ke ɗaga labari da ƙuri'unsu, duk abin da ya karɓu sai marubuta su yi ta maimaita shi, har ya zama kamar ƙa'ida. Saurayi ne mai zaman kashe wando, babbar mota ta buge shi ya mutu, ya farka gaban wata allahiya, ta ba shi baiwar da ta fi ta kowa. Duniyar da ya je kuwa tana tafiya kamar wasan bidiyo irin su Dragon Quest na 1986: akwai matakan ƙarfi, da ƙungiyar masu farautar dodanni, da 'yan mata da ke rububinsa ba gaira ba dalili. Motar nan ta yi kisa a labarai da yawa har masu karatu suka raɗa mata suna Truck-kun, kamar wata 'yar wasa.

Masu zolayar ba baƙi ba ne. Yawancinsu a wannan shafin suka fara rubutu, kuma masu karanta labaran na asali su ne dai masu karanta shaguɓen. Wanda bai san ƙa'idar ba, rabin dariyar zai wuce shi.

KonoSuba

Fitaccen misali shi ne Kono Subarashii Sekai ni Shukufuku wo!, wanda aka fi sani da KonoSuba. Natsume Akatsuki ya fara wallafa shi a Narō a Disambar 2012. Kamfanin Kadokawa ya buga shi a littattafai 17 daga 2013 zuwa 2020, Masahito Watari ya fara zana mangarsa a mujallar Monthly Dragon Age a 2014, anime kuma ya fito a 2016.

Tun daga mutuwar jarumin aka fara ba'a. Kazuma Satō ya ture wata yarinya daga hanya yana zaton babbar mota ce za ta take ta. Ashe tarakta ce mai tafiyar hawainiya, ko taɓa shi ba ta yi ba, firgita ce ta kashe shi. Allahiya Aqua ta yi masa dariya son ranta, sannan ta ce ya zaɓi abu guda da zai tafi da shi. Don haushi sai ya zaɓe ta ita kanta. Haka suka sauka a garin Axel ba ko sisi, suna kwana a bargar dawakai, suna leburanci a wurin gini. Farautarsu ta farko ta manyan kwaɗi ce, kuma ɗaya daga cikinsu ya haɗiye Aqua.

Abokan tafiyar da suka samu kowacce da matsalarta. Megumin ta iya sihirin fashewa mafi ƙarfi, amma sau ɗaya take iya yin sa a rana, tana gamawa ta zube sai an goya ta, kuma ta ƙi koyon wani. Darkness mayaƙiya ce mai juriyar duka, sai dai takobinta ba ya samun abin da ta nufa. Abin da ya fi riƙe labarin shi ne bashi: ko sun yi nasara, ɓarnar da suka yi a wurin faɗan takan cinye ladan har ta bar su da ciko. Isekai na asali yana yi wa mai karatu alkawarin kuɓuta daga talauci da rashin aiki, shi kuwa KonoSuba ya sa su suka bi jarumin har can.

Isekai Ojisan

Wannan tun asali manga ce, ba daga rubutaccen labari aka ɗauko ta ba. Mai zane Hotondoshindeiru ya fara ta a 2018, aka yi mata anime a 2022. Wani kawu ne da mota ta buge a shekarar 2000, ya yi shekara 17 cikin dogon suma, ya farka a 2017 yana iya sihiri, domin duk tsawon lokacin yana wata duniya. Can ɗin bai ji daɗi ba ko kaɗan: saboda kamanninsa mutane suka ɗauke shi dodo suna farautarsa. Da ya dawo, labarin da ya fi girgiza shi shi ne cewa kamfanin Sega ya daina ƙera na'urorin wasa. Shi da Takafumi, saurayin da yake kiransa kawu, suna samun na abinci ne da sanya bidiyon sihirin a YouTube, masu kallo na zaton dabarar kwamfuta ce. Dariyar a nan ta fi ɗaci, don Takafumi yana kallon abubuwan da suka faru a waccan duniyar, waɗanda kawun ke nuna masa da sihiri, yana gane duk alamun da kawun ya kasa karantawa, musamman soyayyar wata aljana da ke ɓoye sonta da tsiwa.

Sauran hanyoyi

Wasu sukan juya tafiyar. A Hataraku Maō-sama! na Satoshi Wagahara, wanda ya fito a 2011, sarkin shaiɗanu ne ya faɗo Tokyo, ya kama aiki a gidan sayar da abinci yana fama da kuɗin haya. A Kage no Jitsuryokusha ni Naritakute! na Daisuke Aizawa, jarumin ya ƙirƙiri ƙaryar wata ƙungiyar asiri don wasa, ashe ƙungiyar tana nan da gaske, kowa ya sani sai shi. Akwai ma wanda aka sake haifar jaruminsa a matsayin injin sayar da kayan sha, na marubuci Hirukuma, daga 2016.

A 2019 aka haɗa 'yan wasan KonoSuba da na wasu labaran isekai, wato Overlord da Re:Zero da Yōjo Senki, a gajeren anime mai suna Isekai Quartet, inda aka sake kwashe su duka zuwa wata duniyar, aka zaunar da su a aji ɗaya na makaranta.