Kada mu fama wa Kaka tsohon miki

Wata Talata da hantsi wani saurayi ya kawo kakansa wurinmu a duba masa hawan jini. Ina naɗe masa hannun riga don in ɗaura abin awo, sai ga wani dogon tabo daga gwiwar hannu har kusa da kafaɗa. Ban ce komai ba. Jikan ne ya yi caraf ya ciro waya ya kunna bidiyo: "Kaka, gaya wa malama yadda aka harbe ka. Mutum nawa ka kashe?" Tsohon ya sunkuyar da kai, ya shiga jan carbi da sauri, yatsunsa na rawa. Awon nan bai yi amfani ba. Sai da na aiki yaron ya sayo ruwa, muka zauna shiru kamar minti 10, sannan na sake.

Yaron ba mugu ba ne, alfahari yake da kakansa. Amma saboda irinsa na ga ya kamata in yi wannan magana.

A nan Njamena, babban birnin Chadi, da wuya a sami zuri'ar da yaƙi bai shafa ba. Akwai waɗanda suka ga faɗan Fabrairun 1979, da na wata 9 a 1980, lokacin da jama'a suka yi ta tsallake kogi zuwa garin Kusuri na Kamaru da ɗan abin da kai zai iya ɗauka. Akwai waɗanda aka kai arewa yaƙin Libiya, suka ga faɗan garin Fada a Janairun 1987 da na Wadi Dum a watan Maris. Wanda ke da shekara 25 a lokacin ya haura 60 yanzu. Su ne ke zaune a zaurukanmu, muna wucewa muna gaishe su.

Abin da iyalai da yawa ba su gane ba shi ne, ciwon da yaƙi ke bari a zuciya yakan kwanta shekaru, sannan ya farka da tsufa. Muddin mutum na fita kasuwa ko tuƙin mota, hidimar ciyar da gida na danne tunani. Da ƙarfi ya ƙare, ko uwargida ta rasu, ko mantuwar tsufa ta fara, sai tsohon abu ya dawo sabo. Za ku ji shi yana ihu cikin barci, ko ya zabura idan taya ta fashe a titi, ko ya ƙi zama sai bayansa na jikin bango yana kallon ƙofa. Wani kuma faɗa zai riƙa yi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sai a ce rigimar tsufa ce, ko a ce iska. Ciwo ne da likitoci suka sani, kuma ana samun sauƙinsa.

To yaya za a yi da shi? Ni dai abin da na gani yana aiki shi ne zama. A dafa shayi, a zauna kusa da shi, a bar shi ya ja ragamar hirar. In za a yi tambaya, a fara daga gefe: me kuke ci a can, Kaka? Ina kuke samun ruwa? Wa ke kawo muku saƙon gida? In ya amsa ya ci gaba, a saurara, kada a katse shi, kada a gyara masa shekara ko sunan gari. In ya ce "a bar maganar nan", to a bar ta, ba sai an dawo gobe ta wata hanya ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Tambayar kisa kuwa, don Allah kada ma ta fito daga bakinmu.

Batun waya ya fi damuna. Yawancin yaƙe-yaƙenmu tsakanin 'yan ƙasa ɗaya aka yi su, wanda ke ɗaya ɓangaren jiya yana iya zama maƙwabci yau, ko suruki. Magana ɗaya da aka ɗauka aka watsa a WhatsApp tana iya tayar da abin da dattawa suka sha wuya kafin su kwantar. In kuna son adana labarinsa saboda jikoki, ku nemi izininsa, ya san wa zai ji, kuma in ya ce a goge a goge.

Idan ya firgita da dare, kada a girgiza shi ko a riƙo shi ta baya. A kunna fitila, a tsaya inda zai gan ku, a kira shi a hankali: "Baba, ni ce, kana gida, ga yara suna barci." Kuma kada a saya masa Valium ko tramol wurin masu tallan magani don ya yi barci. A jikin tsoho suna kawo ruɗewa da faɗuwa, ga su da wuyar bari. In rashin barcin ya yi makonni, ko ya daina ci, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ku kawo shi asibiti ba tare da jinkiri ba. A duba har kunnuwansa, don da yawansu ƙarar manyan bindigogi ta rage musu ji. Kakanninmu mata ma da suka gudu da goyo a 1980, wannan lallashin ya kamace su.

Tsohon nan ya ci gaba da zuwa awo. A zuwansa na uku, ban tambaye shi komai ba, ya ce da ni, "'Yata, sanyin Fada ba irin na nan ba ne." Ya ce su biyu suke lulluɓa da bargo ɗaya, shi da wani abokinsa, ya faɗi sunansa, sai ya yi shiru. Ban tambayi inda abokin yake ba. Na rubuta awonsa a kati, na ce ya dawo bayan sati 2.