Fuskar jarumi, jikin wani: abin da ƙa'idar Hollywood ta ce kan masu maye gurbin 'yan wasa

A fim ɗin Amurka, hannun da ka ga ya ɗauki makulli, ko ƙeyar da kamara ta bi cikin kasuwa, ko mutumin da ya diro daga bene, sau da yawa ba na jarumin da sunansa ke kan fosta ba ne. Wasu mutane ne da aka ɗauka aiki musamman don kada a gane su. Sana'a ce halattacciya mai ƙa'idoji a rubuce, kuma akasarinsu suna cikin yarjejeniyar da ƙungiyar 'yan wasa ta SAG-AFTRA, mai mambobi kusan 160,000, take sabuntawa da gamayyar manyan kamfanonin fim, wato AMPTP, kusan duk bayan shekara 3. Kamfanin da ya sa hannu a kanta, ta hau kansa.

Masu wannan aiki ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ko sau ɗaya ba zai fito a fim ɗin ba. Shi aikinsa tsayuwa: a nemo mai tsayin jarumin da hasken fatarsa, ya tsaya daidai inda aka manna alama a ƙasa, masu fitilu su yi ta gyara haske a fuskarsa, mai kamara ya auna nisa, wani lokaci awa guda cur, jarumin kuwa yana can ana masa kwalliya ko yana bitar magana. Idan komai ya daidaita sai ya matsa, mai wuri ya shigo. Sai wanda ake ɗauka a kamara amma daga baya, ko daga nesa, ko hannunsa kawai. Na ukun shi ne ɗan kasada, mai faɗowa, mai kifar da mota, mai shiga wuta. Yarjejeniyar ta sa na farkon a rukunin masu cika fage, wato waɗanda ake gani a bayan jarumai ba sa magana, sai dai kuɗinsa ya ɗara nasu. Ɗan kasada kuwa cikakken ɗan wasa ne a lissafinta: yana da kason da ake biya idan aka sake nuna fim ɗin, ana kuma yi masa ƙari gwargwadon haɗarin abin da zai yi.

Mai kallon fim ɗin Hausa ya san ɗan'uwan wannan. Bakin jaruma ke motsi, muryar da ke fita ta mawaƙiyar da ta rera a situdiyo ce.

Tushen ƙa'idar abu ɗaya ne: duk abin da mai kallo ya gani, ga mai fuskar zai jingina shi. Ba ruwansa da wanda ya ba da aron baya. Saboda haka mutuncin jarumin ne ke cikin haɗari, kuma shi ne farkon wanda ake neman yardarsa.

Inda wannan ya fi tsanani shi ne fitowar da ta shafi tsiraici ko kusantar jiki. Tun yarjejeniyar 2020, dole ne a miƙa wa ɗan wasa takarda ta musamman aƙalla awa 48 kafin lokacin da aka kira shi aiki, a bayyana a cikinta abin da za a nuna. Ranar ɗauka kuma a rufe wurin, daga wanda aikinsa ya zama tilas sai masu wasan. Ɗan wasa na da damar janye yardarsa kafin a ɗauka. Idan ya janye, furodusa na iya kawo wani ya maye gurbinsa, amma mai mayewar ba zai wuce iyakar da jarumin ya amince da ita tun farko ba. Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce ta fi burge ni. Da babu ita, mace na iya cewa a'a, a amsa mata da to, sannan a je a ɗauki jikin wata a haɗa da fuskarta, duniya ta yi ta nuna ta da yatsa kan abin da ba ta yi ba.

Rigimar aron fuska ta girmi zamanin kwamfuta. Crispin Glover ya fito a matsayin uban jarumi a Back to the Future na 1985, amma bai dawo a kashi na biyu na 1989 ba. Masu fim ɗin suka ɗauko Jeffrey Weissman, suka manna masa hanci da haɓa da kumatun roba don ya yi kama da Glover, suka gauraya da tsoffin hotunan Glover ɗin, har masu kallo da dama suka ɗauka shi ne. Glover ya kai ƙara, aka sasanta a wajen kotu. Har yau lauyoyin harkar suna kafa misali da wannan shari'a. A ɗaya gefen, da Paul Walker ya rasu a haɗarin mota a Nuwamban 2013 ana tsakiyar ɗaukar Furious 7, ƙannensa Caleb da Cody ne suka tsaya a gurbinsa, aka ɗora fuskarsa da kwamfuta, da sanin iyalinsa. Dabarar kusan ɗaya ce. An nemi izini a nan, can ba a nema ba.

Da ƙirƙirarriyar basira ta bunƙasa, sai mai maye gurbin ya daina zama mutum. Ana shigar da ɗan wasa cikin wani keji da kamarori suka kewaye, a ɗauke surarsa ta kowace fuska cikin 'yan mintuna, daga nan kwamfuta na iya sa shi tafiya da magana ba tare da ya taka lokeshan ba. Wannan na cikin manyan dalilan yajin aikin da 'yan wasa suka fara ranar 14 ga Yuli, 2023, wanda ya kai kwana 118. Yarjejeniyar da ta biyo baya, wadda mambobi suka amince da ita a Disamban shekarar, ta ce a sanar da mutum awa 48 kafin a ɗauki surarsa. A nemi yardarsa a fili, ba a cusa ta cikin ƙananan rubutu ba, tare da bayanin da ya wadatar kan abin da za a yi da surar. Idan kwafin surar tasa na kwamfuta ya yi aikin da shi kansa ya kamata ya yi, a biya shi kuɗin kwanakin. Idan za a kai shi wani fim daban, a sake neman izini, a sake ciniki. Wanda ya rasu, a nemi magadansa, in ba a same su ba a nemi ƙungiyar. An bar ƙofa ga wasu ayyuka, irin su sharhi, barkwancin suka da fim ɗin tarihin rayuwa, saboda 'yancin faɗin albarkacin baki da tsarin mulkin Amurka ya tanada.

Jihar Kalifoniya ta ɗora a kai. Ranar 17 ga Satumba, 2024, Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu kan dokoki 2. Ta farko, AB 2602, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2025. Ta ce sharaɗin kwantiragi da ya ba da damar kwafin kwamfuta ya yi aikin mutum ba zai yi tasiri ba matuƙar babu bayanin amfanin da za a yi da shi, kuma mutumin ba shi da lauya ko ƙungiya da ta tsaya masa lokacin cinikin. Amfaninta shi ne ta kai ga wanda ba ɗan ƙungiya ba, sabon shiga da zumuɗin samun fitowa zai sa ya rattaba hannu kan komai. Ta biyu, AB 1836, ta mamata ce: wanda ya ƙera surar ɗan wasan da ya rasu ko muryarsa ba da izinin magada ba, zai biya dala 10,000 ko adadin asarar da ya jawo, duk wanda ya fi yawa. Wannan haƙƙi yana nan har shekara 70 bayan rasuwa.

To shi mai ba da jikin fa? Nan ne nake ganin aikin bai kammala ba, kuma abin yana damuna. Yarjejeniyar ta hana a tilasta wa kowa kasada ba da yardarsa ba. Ta kuma ce a yi ƙoƙari a samo wa mace mace, baƙar fata baƙar fata, don kawar da tsohuwar ɗabi'ar sa wa namiji gashin kanti ko shafa wa Bature baƙin fenti. Amma "a yi ƙoƙari" ba hani ba ne, kuma ƙorafi bai ƙare ba. Batun tsaron rai kuma ya rataya sosai ga dokar aiki ta wurin da ake ɗauka. A Agustan 2017, Joi Harris, baƙar fata ƙwararriya a tseren babur, ta rasu a birnin Bankuba na Kanada tana maye gurbin Zazie Beetz a Deadpool 2. Ba ta sanye da hular kwano, domin wadda take wakilta ba ta sa ba a labarin. Hukumar kare ma'aikata ta lardin da birnin yake ta ci tarar kamfanin da ke shirya fim ɗin kusan dalar Kanada 290,000 a 2020, abin da bai taka kara ya karya ba idan aka auna da kasafin fim irin wannan.

Yabo ma ya daɗe bai iso gare su ba. Sai a Afrilun 2025 hukumar Oscar ta sanar da kyauta ta musamman ga masu tsara kasada. Za a fara ba da ita a bikin 2028, karo na 100, ga finafinan da suka fito a 2027.