Lambar jikin kwali ba ita ce ƙarfin madubin hangen taurari ba

Da yawa a Kaduna in za su sayi madubin hangen taurari, lambar jikin kwali suke bi: "yana ƙara girma sau 500". Wannan tsohon kuskure ne, kuma yana ci min rai yadda yake cinye kuɗin mutane. Faɗin bakin madubin ne ke tattara haske, shi ne kuma ke iyakance yawan ƙara girman. Mai baki milimita 70, iyakarsa wajen sau 140. Ka zarce nan, wata ya koma dishi-dishi yana rawa, balle da hazon hunturu. Fara da gilashin ido (ɗan gilashin madubin da ake kara ido a kai) mai lambar milimita 25, ka samo wa madubin ƙafafu masu ƙwari da ba sa girgiza. Galileo ma, masanin taurari ɗan Italiya, da kusan sau 20 ya hango watanni huɗu na duniyar Mushtari a 1610.